An Ja Ranar Baya da Mako Guda

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da Ƙaramar. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida, da kunnen nan nawa da injin kwaɓa fulawa ya gama cinyewa. Na san za ki ce ke ba likita ba ce, jini kawai kike aunawa a ɗakin gwaji. To, a danginmu duk wanda ya sa farar riga ya shiga asibiti ya fito da ƙafarsa, likita ne. Ki haƙura.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ta faɗa cikin kwaɓi tun watan jiya, da aka ciro ta ko numfashi ba ta yi, ban kuma sayi wata ba, tunda ko tana nan ba jin ku nake yi ba. Wayar da ta rage a gidan ta Antinku ce, ita kuma ta tafi da abarta wajen 'yarmu da ta haihu, ba za ta dawo ba sai jaririn ya yi ƙwari. Daga ni sai Inna a gida.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Yanar nan da ta rufe mata ido, likitan ido ya duba ya ce za a iya cirewa. Za a fara da na dama. Sun ba mu Talata ta uku a watan gobe. Bayan aikin sai an sami mai zama da ita na 'yan makonni, a riƙa ɗiga mata magani, a hana ta sunkuyawa da shiga hayaƙi. Ni kuwa kin sani, kafin gari ya waye ina bakin tanderu.

Inna tana tsoro, ko da yake ba ta yarda ba. Abin da ta ce kawai shi ne, ba za ta shiga ɗakin ba sai ƙawarta na riƙe da hannunta. Ke ce ƙawar. Ke jikar yayarta ce, ni ita ta haife ni, amma shekarun nan da kika yi a ɗakinta kina sakandare sun sa ta fi ji da ke. Ban ji haushi ba. Ni ko sirinji aka fito da shi sai in ji ƙasa tana juyawa.

Kalandar da masu fulawa ke ba mu duk shekara tana nan a bangon kicin, gefen firji. Na zagaye ranar da jan biro. Ja na asibiti ne, shuɗi na zuwan motar fulawa, fensir kuma na abin da ban tabbatar ba. Sunanki na rubuta da fensir. Ki duba hutunki, ki yi magana da ƙanwata Auta ku raba makonnin, sannan ki gaya mini in bi shi da biro.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan Ƙaramar.

Kawunki mai burodi

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso lafiya, har da ƙurar fulawa a cikin ambulan. Muna nan ƙalau. Ƙaramar ta yi ɗan mura amma ta warware, yanzu aikinta tambaya, daga safe har yamma. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Allah ya raya jaririn, a gaida Anti in ka rubuta mata.

Kawu, ka ɗauko biro. Na karanta labarin Inna a tsaye a ƙofar ɗakin gwaji, na shiga na sami shugabarmu ban ko ajiye jaka ba. Ta ba ni mako guda. Zan iso ranar Litinin, ana gobe aikin, ni da Ƙaramar. Ka gaya wa ƙawata hannuna na nan, in ta ga dama ta matse shi har ya karye.

Ga yadda muka tsara. Makon aiki nawa ne. Anti Auta za ta karɓe ni a mako na biyu, ta ce za ta nemi wata malama ta riƙe mata ajinta. Daga nan Anti matarka za ta dawo gida. Don kada a rikice, na buɗe kalanda guda a waya, na sa mata suna Idon Inna, na saka Anti Auta da Anti da maigidana a ciki. Duk abin da na rubuta, nan take yake fitowa a wayar kowa. Ana jibi mutum zai tafi, wayarsa za ta yi ƙara ta tuna masa. Anti Auta har ta sa wa makonta launin kore, ta ce ja ya yi kama da faɗa.

Ba raina kalandarka nake yi ba, Kawu, na san ta. Ina tuna yadda kake tsayawa gabanta da safe, hannu a baya, kamar mai gaida babba. Amma ita sai ka je wurinta take magana, tawa kuwa ita ke biyo ni har cikin aljihu. Kuma in wata ya ƙare ka yage shafin, shi ke nan an kunna murhu da tarihin gida.

Duk wani canji da aka samu, ni kaɗai za ka rubuto wa. Ni zan gyara, sauran su gani. Ka huta da rubuta takarda uku.

Ka tambayi Inna me take so in taho mata da shi. Kada ta ce ba komai, na san ta.

'Yarka,
Likitar dole

*

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar aiki? Mun ji daɗin jin murar Ƙaramar ta wuce. Mu ma lafiya. Na karanta wa Inna takardarki sau biyu, na biyun ita ta sa ni, wai na yi sauri a wurin da kika ce ta matse hannun.

Na bi sunanki da biro. Na rubuta na Auta a ƙasa, amma ba da kore ba, ba ni da koren biro kuma ba zan saya don Auta ba.

Game da kalandarki mai bin mutum cikin aljihu, na ji. Tawa dai ba ta taɓa ce mini cajinta ya ƙare ba, ba ta taɓa neman a saya mata kati ba, kuma tun da nake ba ta taɓa faɗawa cikin kwaɓi ba. Shafin da kika ce ina kunna murhu da shi, ƙarya ake yi mini. Ina naɗe burodin Inna da shi ne.

Ga labari. Asibiti sun aiko, likitan zai yi tafiya, saboda haka sun ja ranar baya da mako guda. Na ja kibiya a kalanda na gyara, sunanki ma na matsar da shi. Tunda kin ce ke ce mai shela, sai ki sanar da sauran. Ina fata shugabarku ba za ta ba ki wahala ba.

Inna ta fara shiri kamar mai tafiya wata ƙasa. Ta sa an wanke mata zannuwa uku, ta sa na yanke mata farce, ta kuma ba ni amanar tukwanen furanninta, wai ko da wani abu. Na ce mata ido za a wanke, ba kai za a cire ba. Ta ce in yi shiru, ban san komai ba.

Na tambaye ta abin da take so. Ta ce ba komai. Da na ajiye biro sai ta ce, in dai ba wahala, man shafawar nan mai ƙamshin lemo da kika kawo bara.

Sai mun gan ku.

Kawu

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Ina sauri ne, aiki ya yi yawa makon nan, biyu daga cikinmu ba su da lafiya.

Na ga sun ɗage aikin, ya koma Talata ta huɗu ke nan. Wallahi hakan ma ya fi mini, don kafin lokacin masu jinyar sun dawo, zan tafi hankalina kwance. Shugabarmu ta ɗan ɓata rai amma ta sa hannu. Na gyara a waya, ban fi ƙiftawar ido ba Anti Auta ta amsa da hoton babban yatsa. Ka ga amfanin abin? Kai da tuni kana neman ambulan uku.

Na sayi man lemon, kwalba biyu. Na sayi baƙin tabarau, don idon ba zai so haske ba da farko. Ƙaramar ta zana wa Inna hoto, wai kyanwa ce. In Inna ta gane kyanwa ce, to aikin ya yi kyau ƙwarai.

Sai Litinin ɗin.

'Yarka

Ƙari: Kawu, ka yafe mu. Wannan takardar tuntuni na ba maigidan ya jefa a gidan waya. Yau ina neman tsumma a aljihun mota na gan ta kwance tare da rasit ɗin mai. Ya ce ya ɗauka tunda an sa a waya an gama. Ga ta nan dai na aiko, ƙila ma in riga ta isowa.

*

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Da gaske nake tambaya, don shirun ya yi yawa. In wani abu ne ya same ku, ki gaya mini, ba yaro ba ne ni.

An yi wa Inna aiki. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ban so in rubuta miki cikin fushi. Yanzu ma da saura, amma ya ragu.

Ranar Litinin ɗin na bar gidan burodi da wuri na tafi tasha. Na zauna a bencin nan na gaban mai shayi, duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Har ta ƙarshe ta sauke mutanenta, ba ke, ba Ƙaramar. Da na koma gida na tarar Inna ta yi kwalliya tana zaune a bakin gado, ta sa an share ɗakinki. Ta ji tafiyar mutum ɗaya, sai ta gane.

Da safe ta ce ba za ta je ba. Na je asibiti ni kaɗai na tambaya ko za a ɗaga, suka ce in mun bar wannan ranar sai bayan watanni, in likitan ya dawo. Ɗaya daga cikin ma'aikatana ya ce in ba shi lambarki, bari ya kira a wayarsa. Na hana shi. Na ce wanda ya san ranar bai zo ba, ba a tuna masa. Yanzu da nake rubutawa na ga girman kai ne, amma ranar haka na ji.

Na dawo na durƙusa gaban Inna na ce, ga ni, ni zan riƙe. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kai? Kai da aka ɗauko ka a sume ranar allurar makaranta?" Na ce ni ɗin dai. Sai ta ce a miƙo mata mayafinta.

Likitan mutumin kirki ne. Da ya ga yadda ta tsorata, ya bari aka sa mini koriyar riga da hula, aka zaunar da ni a gefe, hannuna a ƙarƙashin zanen da suka lulluɓe ta. Ban kalli komai ba sai tayil ɗin ƙasa. Da aka yi nisa sai na ji babban yatsanta yana shafa bayan hannuna a hankali, yadda take yi mini in zazzaɓi ya kama ni ina yaro. Ita ake yi wa aiki, ni ake lallashi. Ban suma ba. Ki rubuta wannan a wayarki kowa ya gani.

Washegari aka cire bandejin. Ta ƙifta ido, ta ƙifta, ta kalli taga, ta kalli nas, sannan ta juyo kaina ta tsaya. Ta ce, "Wannan tsohon fa?" Nas ta ce ɗanki ne, Mama. Inna ta kama gemuna ta ce yaushe na yi furfura haka ban gaya mata ba. Likita, na yi kuka a gaban mutane. Shekarun nan duk tana ganina da baƙin gashi a ranta.

Tun daga ranar ba mu huta ba. Ta ga labulen falo ya koɗe, ta ga tsagewar bangon banɗaki, ta ga rigar da nake zuwa aiki da ita ta ce ko tsumman goge tanderu ya fi ta mutunci. Ni ke ɗiga maganin. Ina barin burodi a wuta in rugo gida in ɗiga in koma, har na ƙona zubi guda ƙurmus. Makon Auta ya zo, ita ma shiru. Ban san laifin da na yi muku ba.

Inna ta hana ni magana. Ta ce ƙawarta ba ta saɓa alkawari, akwai dalili. Kullum da yamma tana sa kujera inda take hango ƙofa. Da dai ba ta gani, da abin ya zo mini da sauƙi.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya, Ƙaramar ta yi barci tun daga tasha har ƙofa. Yaya Inna, yaya idon? Yaya Anti Auta da mulkinta?

Na buɗe akwatinmu na gidan waya na tarar da takardarka, wadda ka rubuta kafin mu zo. Ashe mun yi saɓani da ita a hanya. Mako guda na yi a gidanka, ba ka ce mini ka zauna a tasha ba, ba ka ce Inna ta yi kwalliya ta jira ni ba. Na karanta a mota, maigidan yana tambayata me ya faru, sai na miƙa masa. Da ya kai ƙarshe ya ce shi ne ya jawo, da ya jefa takardata kan lokaci da ka ga kuskuren tun da wuri. Ya ce in ba ka haƙuri, shi kunya ba za ta bar shi ya rubuto ba.

Magana da kai sai da ɗaga murya, kuma gidan kullum da mutane, shi ya sa ban ba ka labarin isowarmu yadda ya kamata ba. Kana wurin aiki lokacin. Bari in ba ka yanzu.

Tun a mota nake haɗa kalaman da zan kwantar wa Inna da hankali, cewa aikin ba ya ɗaukar lokaci, ba zafi, gobe war haka an gama. Na tura ƙofa da jaka a kafaɗa, Ƙaramar tana riƙe da zanena. Sai ga Inna a kujera a baranda, ta ɗaga allura sama wajen haske tana zura zare. Na tsaya. Kafin in gama sallama ta ce, "Ƙawata, kin yi ƙiba." Jakar ta zame ta faɗi.

Ban gane komai ba. Na ce Inna, gobe fa za a yi aikin. Ta ce wane aiki, na idon da ya kusa warkewa? Na zauna a ƙasa a gabanta. Na fara ba da haƙuri ban ma san na mene ne ba. Ita kuwa hankalinta ba ya kaina. Ƙaramar take kallo.

Ka san tun da aka haifi yarinyar nan, da hannu Inna ta san ta. Ta ce, zo nan. Ƙaramar ta matsa tana noƙewa. Inna ta ɗaga haɓarta, ta juya fuskar dama, ta juya hagu. Da yarinyar ta yi murmushi, kumatunta suka lotsa, sai Inna ta ƙura mata ido. Ta ce, "Yaya ce. Wallahi Yaya ce ta dawo ƙarama." Kakata take nufi. Ni ban taɓa lura ba, don da tsufanta na san ta. Inna kuwa ta san ta tana wannan shekarun. Ta rungume ta tana hawaye, ni ina cewa Inna idon, idon, tana cewa likita bai hana kuka ba, sunkuyawa ya hana.

Sai ga ka da rana, fulawa har gira. Ka gaishe ni kamar mai karɓar kuɗin wuta. Na nuna maka waya, Talata ta huɗu. Ka kama hannuna ka kai ni kicin ka nuna mini bango, kibiyarka ta tashi daga Talata ta uku ta koma ta biyu. Na ciro takardarka daga jaka na sa yatsa a layin. Kai kana cewa baya ai baya ce, wajen farkon wata. Ni ina cewa in an ja abu baya ai an jinkirta shi ke nan. Da Inna ba ta shigo ba da muna nan har yanzu. Ka ji abin da ta ce kuwa? Na ga kana gyaɗa kai amma ban tabbata ya shiga ba. Cewa ta yi, "Ranar ba ta da suna ne? Ɗaya ya ja kibiya, ɗaya ta danna waya, ba wanda ya buɗe baki ya ce ran kaza." Daga nan ta ce a ba ta man lemonta.

Kawu, kalandata ta yi abin da na yi alfahari da shi. Cikin ƙiftawar ido ta kai wa kowa labari, sai dai labarin ba daidai ba ne, kuma ba wanda ya yi shakka saboda a waya ya gani. Taka tana da gaskiya, amma tana rataye a kicin ba wanda ya sani sai kai da firji.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da ka bari an kira ni. Ko a tsakiyar aiki nake da na ajiye na hau mota. Kada ka sake zaton zan san ranar in ƙi zuwa. Amma da na karanta yadda aka yi a ɗakin aikin, sai na ji ba na son a canza komai. Wurin naka ne tun asali, aro aka ba ni.

Wayar da na bari wurin Inna mai manyan lambobi ce, na sa mata lambar kowa. Ba taka ba ce, kada ka kai ta kusa da injin. Na kuma ɗauki hoton kalandarka kafin in taho, na tura wa kowa. Anti Auta ta yi alkawarin duk farkon wata za a ɗauki sabon shafi a turo, in kwafe a waya. In an sami canji, ka rubuta sunan ranar da lambarta da watan, ko da takarda za ta ƙare.

Hoton Ƙaramar kuwa, Inna ta duba ta ce akuya ce mai kyau. Saura ido na hagu.

'Yarka

*

Zuwa ga Likita,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da kuka isa lafiya. Mu nan gida ya cika. Antinku ta dawo da hotunan jariri fiye da yadda mutum zai iya kallo, Auta kuma ta ƙi tafiya sai da ta canza labulen falo. Gwiwa da sauƙi. Idon Inna an duba a asibiti an ce ya yi kyau.

Takardarki ta aljihun mota ta iso bayan tafiyarku. Na karanta a gidan burodi, da na zo wurin da kika ce da tuni ina neman ambulan uku, na yi dariya har ma'aikata suka leƙo. Ki gaya wa maigidan ya saki ransa. Ni na rubuta baya, ke kika karanta gaba, shi ya ajiye a mota, ni kuma na hana a kira. Kowa ya sa hannu a kwaɓin nan. Maganar kira kuwa na karɓa, ba zan sake ba.

Yanzu ga halin da nake ciki. An ƙwace mini kalanda. Inna ta sa an sauko da ita daga inda take, an buga ƙusa daidai tsayinta. Jan biro yana ɗaure a bakin zanenta. Da safe ita ke tsayawa gabanta ta karanta mini abin da zan yi, har zuwan motar fulawa. Ta koyi kiran Auta a wayar da kika bari, in ta rubuta abu a bango sai ta kira ta ce a sa a na aljihu. In kin ji wayarki tana ƙara kwanan nan a kan ranar wankin labule, ba ni ba ne.

Babban labarin shi ne wannan. Shekaranjiya ta kira ni kicin, ta ɗaga shafi ta nuna mini wata rana da ta zagaye da kanta. Na ce na ido na hagu ne? Ta ce a'a, wannan sai likita ya dawo. Ta ce rabonta da fita garin nan tun kafin idon ya rufe, kuma ba ta taɓa ganin gidanki ba, ba ta san inda Ƙaramar take kwana ba. Zuwa za ta yi. Na ce tafiyar da nisa. Ta ce ai ba a ƙafa za ta je ba. Na ce gidan burodi fa? Ta ce ranar aikinta da na rufe, mutanen gari ba su mutu da yunwa ba.

Saboda haka ki buɗe wayarki ki rubuta. Asabar, bakwai ga watan gobe, motar safe. Asabar, bakwai ga wata. Ni da Inna, kwana uku za mu yi. Asibiti sun yarda, in dai da tabarau.

Na riga na je tasha na kama mana wuri. Ta ce lallai kujerar taga, kuma in gaya wa direba ya goge gilashin, don tana so ta ga hanya.

Ku tare mu.

Kawunki